Yadda Na Kusa Tsare 'Yata A Rumfar Tukwane

A lokacin ni mai sayar da tukwane ce a bakin titin Sangere, 'yar gudun hijira daga kudancin Borno. Ban taɓa shiga aji ba, wannan ma faɗa nake ana rubuta mini. Ranar da aka shiga garinmu mijina yana gona, babban ɗana yana makarantar kwana. Babu wanda ya dawo a cikinsu. Na fito da 'ya mace ɗaya, muka bi duwatsu har Allah ya kawo mu Yola. Daga nan na kafa doka: ba za ta kwana inda zan kira ta kasa ji ba. Jami'a ma na bar ta ta shiga ne don jami'ar tana kusa da mu.

Da ta gama, ta fi kowa a ajinsu, sai aka neme ta ƙarin karatu a wata ƙasa mai nisa. Na tambaye ta karatun me. Ta ɗauki tukunya ta ƙwanƙwasa yadda masu saye suke yi, ta ce in saurari yadda amon yake mutuwa. Ta ce can akwai ɗan dutse mai haske kamar gilashi, bai kai farce ba, ana kaɗa shi ya yi amon da kunne ba ya ji. Zafi yana cinye amon, shi ya sa ake saka dutsen a firji mai sanyin da ƙanƙara ma wuta ce a kansa. Duk da haka amon yana zurarewa ta 'yan tabon da ido ba ya gani, da ta wurin da aka ɗaure dutsen. So ake a ajiye saƙo a cikin amon don wata sabuwar irin kwamfuta, in ya mutu da wuri saƙon ya tafi. Aikinta ta gano ta ina yake yoyo.

Na ce na ji, amma babu inda za ta. Ba ta yi musu ba, ta ce ba za ta hau jirgi ba sai da albarkata. Ta ɗaura zane ta zauna rumfa tare da ni. Damina ta shigo ta kusa fita, yarinyar tana fama da masu taya tukunya. Mutanen can suka aiko cewa in ba ta amsa ba za su ba wani gurbin. Ta gaya mini sau ɗaya, ba ta sake ba. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, daɗi nake ji.

Wata malamar firamare daga unguwar Damilu, wadda ta daɗe tana saye a wurina, ta zo neman randa ta tarar da yarinyar tana kakkaɓe tukwane. Ta kira ni Adda, ta tambaya ko digirin gadin rumfa aka ba 'yar tawa. Na ce ta ɗauki randarta ta kama hanya. Ta ce za ta tafi, amma in sani waɗanda suka ƙone garinmu burinsu ke nan, kada yarinya ta yi karatu. Sun kasa da bindiga, ni na ƙarasa musu. Na kore ta. Ranar ban iya cin abinci ba, maganarta tana ta dawo mini.

Washegari na kira yarinyar na sa mata albarka, na ce ta je gwanjo a kasuwar Jimeta ta nemi rigar da za ta tare wannan sanyin. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce Dada, haka take kirana, dutsen ne zai shiga firji, ba ita ba. Gurbin yana nan, da ƙyar.

Yanzu tana can. Bara ta ce sun gyara yadda ake goge dutsen, amon ya ƙara daɗewa, kuma da hannunta a ciki. Na gaya wa duk wanda ya tsaya a rumfata, har da wanda bai tambaya ba.

Iyayen da suka gudo irina, ku ji. Abin da aka yi mana an yi, amma ba yaranmu suka yi ba, kada mu ɗaure su a kansa. Har yau in wayarta ba ta shiga ba, sai in yi ta sake kira har ta ɗauka. Tsoron bai tafi ba, ba na jin zai tafi. Amma nawa ne, ni zan ɗauka.