Na Kai Kawu Kano Gyaran Ido

Asubar fari muka bar Shagari, ni da kawuna, ina riƙe da sandarsa yana biye. Yanar ido ce ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan kuma sai dishi-dishi, aka ce a Kano akwai likitan Turawa mai cire ta. Duk gidanmu ni aka ga ya dace in kai shi, wai na fi kowa haƙuri. Ban san wanda ya yi mini wannan sharri ba.

A Boɗinga muka sami motar albasa zuwa Sakkwato, daga nan wata ta kai mu Gusau, inda jirgin ƙasa yake. Hanyar ta girgiza mu har na daina jin ƙuguna, kuma har yau rigata warin albasa take.

Jirgi kuwa bencin katako ne da hayaƙin gawayi. Kawu ya kama taga ya zauna, ni kuma na zama idonsa. Ko gada muka hau sai ya zungure ni: "Ɗana, wanga mi na?" In ce gada. Ya ce ta ƙarfe ko ta itace, ruwa ko rairayi? A Funtuwa na sayo mana ƙosai, bai bar ni na ci da zafinsa ba. Da muka sauya jirgi a Zariya muryata ta riga ta dushe.

A asibiti tafinta, wani Bakano, ya yi masa bayani: in aka yi aiki ido zai iya buɗewa, amma aikin zai kuma iya raba shi da ɗan ganin da ya rage. Ya ce, "Baba, bayanin nan, ka gane shi?"

To, a bakinmu na Sakkwatawa "ka gane shi" ka gan shi ke nan. Kawu ya harzuƙa. "Yaro, ba'a kaka yi min? Da ina gani, mi zai kawo ni garinku?" Da kyar na raba su.

Amma ya fahimta sarai, don muna fita ya ce ba mai taɓa idonsa sai ya kashe sauran ganinsa a kan Kano. Muka ratsa kasuwar Kurmi, inda har ruwan sha sayarwa ake yi. A marinar Ƙofar Mata ya kusa faɗawa rijiyar baba. Sai da na tura shi har kan dutsen Dala da tsakar rana, ina haki ina ƙunƙuni. A can ya daɗe yana ƙifta ido, bai tambaye ni komai ba. Haushina ya koma tsoro.

Aka yi aiki, muka yi kwanaki ido a ɗaure, sannan aka ba shi tabarau mai kauri.

A jirgin dawowa ya sake kama taga. Muna hawa gadar nan bakina ya riga ni: "Kawu, gada ce, ta ƙarfe..."

"Yi kurum, ɗana," ya ce. "Na gane ta."

Har Gusau bai ƙara zungurata ba, ni kuwa na rasa abin yi da bakina. Abin da na koyo ke nan: surutun da ya ishe ni, ashe shi ya ɗebe mini kewar hanya. Mun shiga Shagari da la'asar, shi a gaba, ni a baya da sanda a hannu.