Gradus Bai Ɗauki Maƙwabcinsa Ba

To, shi dai Gradus na gonar bakin rafi, ku ba ku riske shi da ƙarfinsa ba. Nan yankinmu na Twente aka haife shi, cikin gidan da ya tsufa, bango ɗaya ya raba ɗakin kwanansa da na shanu. Dogo ne, ga manyan hannuwa, kullum da takalmin katako da baƙar hula. Abin da ya sani a duniya shi ne, in jiki bai yi ciwo ba, lafiya lau ke nan, a tashi a kama aiki. In kuma ya yi ciwo, a sha kofi, a ɗan jira, sannan a tashi. Haka ubansa ya rayu, haka shi ma.

Maƙwabcinsa na farko Dieks ne, wani gajere mai ƙiba da ke kiwon aladu a tsallaken shinge. Kun san nauyin maƙwabcin farko a wajenmu. In aka yi rasuwa, 'yan gida ba sa taɓa komai. Shi zai sa baƙar riga, ya bi gidajen unguwa da ƙafa, ya tsaya bakin kowace ƙofa, ya cire hula ya faɗa. Shi zai sa a buga ƙararrawar coci, shi zai kama akwatin gawa ta wajen kai.

Su biyun nan tun suna yara ba su taɓa gaisuwar arziki ba.

"Mai aladu, tun daga nan nake jin warinka," in ji Gradus.

"Aladuna sun fi ka fara'a, dogon banza. Gyara shingenka, ya karkace kamar bakinka."

Amma shekarar da Leida matar Gradus ta rasu, ƙanƙara ta rufe hanya har gwiwa, Dieks ya bi gidajen nan duka da ƙafa, yana haki, bai tsallake ko ɗaya ba. Da aka dawo daga maƙabarta ana cin burodi mai zabibi, ya matso kusa da Gradus ya ce, "Saura kai. In na riga ka, kada ka sako mini rigar nan taka mai warin shanu."

Gradus ya ce, "Ai sai an nemo ƙarti goma kafin a ɗaga ka."

Shekaru suka ja. Gradus ya haura tamanin, ya sayar da shanu ya bar biyu don ɗebe kewa. Wata safiya cikin ruwan kaka ya shiga ba su ciyawa, santsi ya kwashe shi, ya faɗi a kan siminti, ƙashin kwatangwalo ya karye. Dieks ne ma ya ji ihunsa, ya kira motar asibiti, ya tsaya kansa yana zaginsa har ta iso.

A asibitin gari aka yi masa aiki, aka sa ƙarfe. Akwai wata likita, yarinya ce ƙarama, ita ke sa mutane barci. Ta ɗora wani ɗan abu a mahaɗar cinyarsa, tana kallon allo, har ta gano jijiyar da ke kai saƙon ciwo. Ta yi allura a wurin, ta bar siririn tiyo haɗe da wata 'yar roba kamar ƙwallo, magani na ɗiga a hankali. Da ya farka sai ya ji shiru a jikinsa. Ya taɓa cinya, kamar ta wani.

Ya ce, "'Yata, ina kika kai mini ƙafa?"

Ta yi dariya. "Tana nan, Baba, barci take. Amma ka ji ni da kyau. Ciwon ne muka rufe wa baki, ƙafar ba ta da ƙarfi tukuna. Kada ka miƙe kai kaɗai, sai da nas."

"To, na ji," in ji shi. Ya ji ɗin kuwa, amma da kunne kawai.

Washegari 'yarsa Riek ta shigo, ba ta ko cire rigar ruwa ba. Ta zauna bakin gado ta riƙe hannunsa.

"Baba, Kawu Dieks ya rasu. Da safen nan, yana ɗaure takalmi. Zuciya ce."

Gradus ya ɗaga ido ya kalli silin. Can ya ce, "Ɗauko mini baƙar rigata."

"Baba, kowa ya sani. An tura ta waya, ko awa ba a yi ba duk unguwa ta ji."

"Ta waya! Dieks ɗan maraƙi ne da ya ɓata? Mutum ake tsayawa a ƙofa a faɗa, a cire hula."

"To ka bar mini, ni in je."

"Ke ce maƙwabciyarsa ta farko?"

Ta ce masa ranar Asabar za a binne shi, ta ce likita ba za ta sallame shi ba sai an ga yana takawa, wannan kuwa ba yanzu ba. Ita ta faɗa ne don ya haƙura. Shi kuwa abin da ya shiga kunnensa, sai an ga yana takawa.

Da Riek ta fita, ya kwanta yana sauraron jikinsa. Ya matsa cinya, babu ciwo. Ya motsa ƙugu, babu. Shekara tamanin jikin nan bai taɓa yi masa ƙarya ba, in ya yi shiru to ya yarda ke nan. Ya ce a ransa yarinyar nan tsoro ne kawai irin na 'yan birni. Bari ya taka zuwa ƙofa ya dawo, su gani da idonsu.

Bayan abincin rana, nas ta fita da kwanuka. Ya zuro ƙafafu ƙasa, ya riƙe 'yar robar maganin a hannu ɗaya, ya miƙe. Ƙafar mai lafiya ta tsaya. Da ya ɗora nauyi kan ɗayar, sai ta lanƙwashe kamar jiƙaƙƙen tsumma. Mutumin gadon kusa ya ce ƙarar da ya ji kamar an karya busasshen reshe. Ƙashin ya tsage ƙasa da sabon ƙarfen. Abin tausayin, ko a nan ƙasan bai ji zafi sosai ba, yana ta cewa, "Ku ɗaga ni, ba komai, santsi ne."

Aka sake yi masa aiki, babba wannan karon. Ranar Asabar yana kwance, ko zama bai iya ba. Likitar ta zo duba tiyon, idonta ya yi ja, ta ce da ta sani da ta ƙara jaddada masa.

Ya ce, "Kin faɗa, 'yata. Ni ne ban yarda ba." Sai ya ce, "Cire mini abin nan yau kawai. Ana binne maƙwabcina, ni ina nan ba na jin komai."

Ta ce ba za ta iya ba, zafin zai fi ƙarfin zuciyarsa. Ta buɗe masa taga dai, ko da yake cocinmu ya yi nisa, ba a jin ƙararrawa daga can. Wani baƙo daga birni da ya sayi gonar gaba, shi aka roƙa ya kama akwatin ta wajen kai. Ya yi da mutunci, ba a ce bai yi ba.

Gradus bai koma gonarsa ba. Gidan tsofaffi aka kai shi, yana tura ɗan keken nan da ake dafawa. Da sanyi ya wuce, ciyawa ta yi kore, ya sa Riek ta kawo baƙar rigar, ta sauke shi a bakin hanyar unguwa. Ya hana ta bin sa. Ya bi gidajen a hankali, yana jan ƙafa, yanzu kam yana jin kowane taku. A kowace ƙofa ya cire hula ya ce, "Na zo in sanar da ku, maƙwabcinmu Dieks ya rasu."

Wata matashiya ta ce, "Ai mun sani, Baba, tun bara," ta ɗauka ruɗewar tsufa ce. Mu tsofaffi kuwa muka sunkuyar da kai, muka ce mun ji, Allah ya ba shi hutawa.

Gidan Tonia matar Dieks ya zo ƙarshe, can yamma, rigar ta jiƙe da gumi. Nan ba a sanarwa, don haka ya tsaya kawai da hula a hannu.

Ta dube shi ta ce, "Ka gama?"

Ya ce, "Na gama. Na makara, Tonia."

Ta kama hannunsa ta taimaka masa ya haye dokin ƙofa, ta ɗora ruwan kofi.