Duron da Ke Bayan Katanga

Ranar wata Asabar ce a cikin watan Oktoba, shekarar da na cika goma sha ɗaya, damina tana tattara nata-ya-nata, aka tsayar da ni a tsakiyar filin unguwarmu a Garwa da sabuwar ƙwarya a hannu. An ɗinka mini riga da atamfa mai hoton wani ɗan takarar shugaban ƙasa, tela kuma ya yanka ta yadda fuskar mutumin ta faɗo daidai cikina, kunnensa ɗaya ya ɓace a cikin ɗinki. A gabana akwai sabon kan famfo manne da katangar makaranta, an shafa masa shuɗin fenti, an ɗaura masa ƙyalle. A bayana kuwa, taku kaɗan, rijiyarmu ce, a gefenta tulin jar ƙasa da tifa ta juye kwana biyu kafin nan. Babu wanda bai san aikin ƙasar nan ba a filin: da zarar baƙo ya buɗe famfo ya tafi, da ita za a cike rijiyar. Ni aikina ɗaya ne. In tara ƙwarya, in durƙusa, in miƙa wa baƙo ruwa, in yi shiru.

Rijiyar nan ta girmi mahaifina. Kakannina 'yan kasuwa ne da suka sauko daga ƙasar Hausa da goro da tufafi suka zauna, su suka fara haƙa ta, amma mutanen dutsen Mokolo da suka zo neman gona daga baya su ne suka ɗaure bakinta da duwatsu, don babu wanda ya kai su iya jera dutse. Tun da na buɗe ido na ga gidaje iri biyu suna sha daga cikinta, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci, da Fulanin da suka kewaye mu. A bakinta na koyi Fulatanci, a bakinta na koyi faɗa, a nan muke baje duwatsun carabke muna jiran layi har a aiko a kira mu da tsawa. Igiyar guga ta ci dutsen bakin rijiyar ta yi masa tsagi-tsagi, kowace mace ta san tsaginta. Duk bazara, in ruwa ya ja baya, akan sa ranar yasa: samari su shiga da igiya a ƙugu su kwaso laka, mata su dama kunu a babbar tukunya, Musulmi da Kirista a ci a sha a watse. Ba wanda ya taɓa kiran wannan haɗin kai. Yasar rijiya muke ce masa.

Kakata, Hajja Dudu, ita ce uwar rijiyar ko da yake ba wanda ya naɗa ta. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin harshe, in ta ga yarinya ta tsoma guga mai datti sai unguwa ta ji. Aminiyarta Mama Marta, mutuniyar Mokolo, ƙatuwar mace mai noman gyaɗa da dawa a bayan gari, wadda Hausarta ta kasuwa ce, tana mayar da namiji mace, mace namiji, kakata na yi mata dariya ita kuma ko a jikinta. Kullum da hantsi za ka same su a gindin dalbejiyar bakin rijiya suna ɓarar gyaɗa suna gulmar duniya.

Sai shekarar zaɓe ta zo. Motoci masu lasifika suka cika gari, wannan ta wuce tana cewa canji, waccan ta biyo tana cewa haɗin kan ƙasa, wata ta haɗa duka biyun don kada a bar ta a baya. Mutanen ɗaya daga cikin 'yan takarar suka zo wurin Jauro, mai unguwarmu, suka ce an zaɓi unguwarmu a nuna wa duniya misali: za a ba mu ruwan famfo, a cike tsohuwar rijiya don tsohon yayi ce kuma yara na iya faɗawa, a share wurin a yi fili a sa masa suna filin haɗin kai. Maza suka yi zama suka amince. Mahaifina na cikin waɗanda suka fi murna, kuma har yau ba na ganin laifinsa. Mutum ne da ya ga mahaifiyata tana jan guga da tsohon ciki, yana son ta huta. Ya dawo gida da atamfa turmi guda da labari mai daɗi. Kakata ta saurare shi har ya gama, ba ta ɗago kai daga tsintar shinkafarta ba, ta ce, "To, daga ina ruwan zai taho?" Baba ya ce daga babban bututun gari. Ta ce ita dai ba ta ga an haƙa rami ko taku ɗaya ba tsakanin nan da gari.

Amsar tambayarta ta zo ranar Juma'a da yamma, a bayan wata motar kaya. Duro ne babba, da guntun tiyo. Aka ɗora duron a kan tubala a bayan katangar makaranta, aka huda katangar, aka zura tiyo ya haɗu da kan famfon da ke gaba. Aka ce mana na wucin gadi ne, bututu yana hanya, bayan zaɓe za a haɗa, amma ba zai yiwu babban baƙo ya murɗa famfo ya ji iska ba. A wurinmu kuwa babu abin da ya kai kunyata baƙo muni. Da wannan aka kama mu. Asabar da sassafe mu 'yan mata aka tasa mu da tuluna da bokitai, muka yi ta safa da marwa daga rijiya zuwa bayan katanga har duron ya cika ya tumbatsa. Sawu bakwai na yi, gammona ya jiƙe, wuyana ya ƙage. Wato da hannunmu muka ɗebi ruwan rijiyarmu muka ba famfon da za a kashe ta dominsa.

Malaminmu na lakwal, wato makarantar boko, Mushe Andre (Mushe shi ne malam a Faransancinmu), shi ya zaɓe ni riƙon ƙwarya don ina da tsabta kuma, a faɗarsa, ba ni da surutu. Allah sarki, bai san ni ba. Sati guda yana koya mini yadda zan durƙusa, da yadda zan sunkuyar da kai. Aka shafa wa gindin bishiyoyi farar ƙasa, aka jera 'yan makaranta tun ƙarfe tara da 'yan tutoci, rana ta Garwa ta yi ta gasa mu har wasu yara biyu suka zube. Ɗan takarar da muke sanye da fuskarsa bai zo ba. Sai bayan azahar wakilinsa ya iso, wani mai ƙiba da farin tabarau, yana share gumi da hankici. Ya yi jawabi da Faransanci, tafinta na juyawa da Fulatanci da Hausa. Ya ce daga yau an daina wariya, Arewa da Kudu uwa ɗaya uba ɗaya, Musulmi da Kirista za su sha ruwa ɗaya. Na saci kallon Mama Marta da kakata a gindin dalbejiya. Moɗa ɗaya ce a tsakaninsu, kamar kullum.

Ya kwance ƙyallen, ya murɗa famfo, ruwa ya zubo shar, aka ɗau tafi da guɗa. Na tara ƙwarya, na durƙusa, na miƙa. Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce wannan shi ne ruwan canji, mun rabu da ƙazamin ruwan rijiya har abada. Da ya tsaya nan da wataƙila na yi shiru. Amma sai ya ga yarinya a durƙushe gwanin sha'awa, ya sa tafinta ya kawo abin magana daidai bakina, ya tambaye ni wanne ya fi daɗi, wannan ko na rijiya.

Daga baya mutane sun yi ta ba ni uzuri, wai ƙuruciya ce, wai ban san abin da nake faɗa ba. Ƙarya ne, na sani sarai. Wuyana yana ciwo, tulin jar ƙasar nan yana gefen idona, kuma an kira ruwan da na sha na girma ƙazami a gaban kakata. Na ɗago kai, abin da aka ce kada in yi, na ce da Hausa, "Ai duk ɗaya ne, ranka ya daɗe. Na rijiyar ne. Mu muka ɗebo da safe muka zuba a duron da ke bayan katanga." Lasifika ta ɗauki maganar ta kai ta har bakin titi. Tafinta bai juya ba, kuma ba a buƙaci ya juya ba. Sai Mama Marta ta ƙyalƙyale da wata irin dariya tun daga cikinta, mata suka kama, yara suka ruga bayan katanga kallon duro. Wakilin ya yi murmushin dole, ya shafa kaina da hannu mai nauyi, cikin 'yan mintoci motocinsu suka bar unguwar.

Na sha hukunci, kada wani ya zaci jaruma aka mayar da ni. Ranar Litinin Mushe Andre ya sa ni durƙuso a tsakar makaranta tun safe har aka tashi tara, hannuwa a sama. Jauro ya aiko a gaya wa mahaifina 'yarsa ta zubar da mutuncin unguwa. Baba bai doke ni ba, da ma ya doke ni da ya fi mini sauƙi. Daina yi mini magana ya yi. In na gaishe shi sai ya amsa wa bango, in na kai masa ruwa sai ya ce a ba ƙanwata ta kawo. Wannan ya ci mini rai ƙwarai, na yi kuka a bayan ɗaki ba sau ɗaya ba, amma ko sau ɗaya ban ce na tuba ba, don ban ga abin da zan tuba a kansa ba.

Kuma duk da abin da ya faru, ranar Talata sai ga ma'aikata da shebur sun zo cike rijiya, wai umarni ne, an riga an rubuta. Suka tarar da kakata zaune a kan dutsen bakin rijiyar, Mama Marta a ɗaya gefen, matan unguwa a tsaye a bayansu, ni ma ina cikinsu da gugana. Kakata ta tura tulunta gaban babbansu da ƙafa, ta ce, "Ɗana, ga famfonku can. Je ka cika mini wannan. In ya cika, ni zan fara zuba ƙasar da hannuna." Mutumin ya je ya murɗa. Famfo ya yi ɗan tari, ya ɗiga sau biyu, ya yi shiru. Mama Marta ta ce masa in ƙishi yake ji ga guga nan. Suka tsaya suna kallon juna, can suka saɓa sheburansu suka tafi. Jar ƙasar kuwa, da ita muka gyara kewayen rijiyar inda ruwa ke kwanciya.

Aka yi zaɓe aka gama, bututu bai zo ba. Duron ma wani ya zo ya ɗauke abinsa. Da zaɓe na gaba ya zagayo, mutanen wani ɗan takarar daban suka zo suka tsaya a gaban busasshen famfon suka yi hoto, suka ce ga shaidar yaudarar waɗancan, su in sun hau za su haɗa. Su ma ba mu sake ganinsu ba. Famfon ya zama turken awakin Jauro. Shi kuwa Baba, sai cikin bazarar shekarar farko, wata rana da zafi ya kai inda ya kai, ya dawo daga kasuwa leɓɓansa a bushe, na miƙa masa moɗa cike da ruwan randa ina jiran ya kira ƙanwata. Ya karɓa ya shanye tas, ya daɗe yana kallon cikin moɗar, sannan ya ce, "Ƙaro mini, Jummai." Wata biyar ke nan rabon da in ji sunana a bakinsa.

Yau kakata da Mama Marta duk sun riga mu gidan gaskiya, an binne su a maƙabartu daban-daban, kuma babu abin da nake kewa kamar dariyarsu a gindin dalbejiyar nan. Unguwa ta cika da gidajen siminti da 'yan babur, wasu gidajen sun ja ruwan gari da ƙarfin aljihunsu, amma duk ranar da aka ɗauke shi, wanda ba abin mamaki ba ne, layin jarkoki a bakin tsohuwar rijiya yake ƙarewa. Alkawuran kuwa ba su tsufa ba. Da a lasifika suke zuwa, yanzu a waya suke shigowa har cikin ɗaki, kalmomin dai su ne: canji, haɗin kai, sabuwar rayuwa. 'Yata ta fari ta isa jefa ƙuri'a, ta zo mini da hula da riga tana cewa wannan ɗan takarar daban ne, in saurare shi. Na ce mata ta je ta jefa, ni ma ina jefawa, ba wanda zai hana ni, kuma ba na raina mai fata. Amma ni ba a haɗa mini kai da wanda muka daɗe muna shan moɗa ɗaya, kuma ba na cike abin da nake da shi saboda abin da aka ce yana hanya. Duk wanda ya murɗa mini famfo ruwa ya zubo, zan yi masa sannu da zuwa, in ba shi wurin zama. Sannan in zagaya bayan katanga in duba.