Takalmin da Surukina Ya Saya Min

Kwanakin baya ina zaune a rumfar mai shayin da ke kallon get ɗinmu, sai aka nuno wasu Turawa a talabijin suna sulu a kan ƙanƙara. Kowa ya ɗaure ƙafa tamau cikin dogon takalmi, a ƙarƙashinsa an kafa wani ƙarfe kamar wuƙa. Matasa sai ihu suke, wai a dubi yarinya tana juyi kamar fanka. Ni ƙafarta nake kallo. Na ce musu, "Murmushin nan da take yi na dole ne. Ku tambaye ni, na taɓa yin irinsa." Suka ce Baba mai gadi ya fara. To, tunda ba su tsaya sun ji ba, bari in rubuta da ɗan bokon da na tsinta kafin in gudu daga aji huɗu.

Allah ya ba ni ƙafa, kuma bai yi min rowa ba. Tsawonta ba abin magana ba ne, akwai waɗanda suka fi ni. Faɗin ne abin kallo. Tafin kamar bakin garma yake, yatsun kuwa kowanne ya kama gabansa, ba mai gaida wani. Ta hagu tana da ƙari, wani ƙulu a gindin babban yatsa da ya fito gefe kamar yana leƙen hanya. A garinmu, can gindin duwatsu gaba da Mubi, akwai badukun da ya san da wannan lalura. In taka fata, ya zagaye ƙafar da wuƙa, ya yi min buɗaɗɗen takalmi. Har na yi furfura ban san ina da lamba ba.

Da yaran daji masu bindiga suka shigo garin, ni da tsohuwata, wato matata, muka bi duwatsu tare da jama'a. Takalmin ya maƙale a taɓon wani rafi, ban tsaya yi masa ban kwana ba. Badukun ma ban sake jin labarinsa ba. Muka iso Jimeta ƙafa a faffashe, kuma gida ɗaya muka sani a duk faɗin garin, gidan 'yata ta fari a unguwar Ajiya.

Wanda bai taɓa zama a gidan surukinsa ba, ya gode wa Allah ya yi shiru. Mijin 'yar tawa ma'aikacin gwamnati ne, Bafulatanin cikin Yola, mutumin kirki, kuma kirkin nasa ne ya kusa kashe ni. Ya ba ni ɗakin da ke bakin ƙofar gida, tsohuwa ta shige ciki wurin 'yarta. Duk sanda zai fita ko zai shigo, sai ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a ƙofar ɗakina, ya kafa ido a ƙasa. "Baba, an tashi lafiya? Ya baƙunta? Ya zafin garin namu?" Ni ma in kafa nawa idon a bango in amsa. Mutum da gidansa ya koma tafiya da sanɗa. Ni kuma ba na iya cin abinci in yana gida, ba na iya tari da ƙarfi, ban-ɗaki ma sai na ji ƙarar motarsa ta yi nisa. 'Yar tawa kuwa, tunda ta fari ce, ko sunanta ba na faɗa, balle in zauna hira da ita. Duk abin da nake so sai in faɗa wa tsohuwa, ta faɗa wa 'yarta, ita ta faɗa wa mijinta. Kafin magana ta isa ta canja kaya.

Ba abin da nake roƙon Allah sai ɗaki nawa, ko da na kaji ne.

Ana haka aka ce makarantar kuɗin da jikokina ke zuwa tana neman mai gadi, kuma akwai ɗaki a bakin get. Mai makarantar wata Kirista ce daga wajen Numan, kowa Madam yake ce mata. Lokacin ana tayar da bam a kasuwanni da tashoshi, kowane get an sa mutum da sandar nan mai kuka idan ta ji ƙarfe. Madam ta dube ni sama, ta dube ni ƙasa, idonta ya daɗe a kan silifas ɗin da rabin ƙafata ke wajensa.

"Baba, iyayen yara suna so su ga mai gadi kamar soja. Zan ba ka yunifom, amma takalmin but kai za ka nemo, baƙi, rufaffe. In ka yi wannan zango lafiya, ɗaki naka ne."

Na ce ai but ba wani abu ba ne, Madam.

Na zagaye kasuwar Jimeta layi-layi. Masu sabo suka gwada, masu gwanjo suka zazzage buhuna. Wani Inyamuri mai shagon takalma ya durƙusa yana tura ƙafata har gumi ya keto masa, ya miƙe ya ce, "Papa, takalmi ba zai shiga ba. Kana so in ba ka kwalin?" Wani Bahaushe mai gwanjo ya ce, "Kawu, wannan ai ba ƙafar saye ba ce, ta gini ce. Ka nemi birkila." Takalmin da ya ɗauki faɗin sai ya fi ni tsawo da taƙi guda, in na taka ina tafiya yana biyo ni daga baya.

Kuskurena ɗaya, na yi wa tsohuwa ƙorafi. Maganar ta bi hanyarta ta kullum, ta isa kunnen surukina a matsayin "Baba yana son but." Shi kuma ina zai iya tambayar surukinsa lambar ƙafa? Sai aka yi abin da ake yi wa yara da tsofaffi in za a sayo musu takalmin salla. Bayan azahar ina kishingiɗe, tsohuwa ta shigo da tsinken tsintsiya, ta ɗora a tafin ƙafata daga dunduniya zuwa babban yatsa, ta karya.

Na ce, "Ke, faɗin fa?"

Ta ce, "Tun da nake ban taɓa ganin an aika tsinke biyu kasuwa ba. So kake a ce uban matarsa agwagwa ne?"

Tsinke ya tafi har Kano a aljihun wani abokin aikin surukina. Aka dawo da but baƙi wul, fata mai kyau, yana ƙyalli, dogo siriri kamar tarwaɗa. Surukina da kansa ya kawo, ya durƙusa, ya tura kwalin gabana da hannu biyu. Yana nan durƙushe, tsohuwa da 'yarta suna leƙe daga bayan labule. Na cusa ta dama, na ji yatsuna sun hau kan juna. Na cusa ta hagu, ƙulun nan ya ga duhu, ni ma na ga duhu. Tsawo kam daidai, tsinke bai yi ƙarya ba.

"Baba, ya yi?"

"Kamar a ƙafata aka ɗinka shi. Allah ya yi albarka."

Da bakina na faɗa, a gaban shaidu. Daga ranar na shiga kurkuku na biyu, wanda nake tafiya da shi.

Na kama aiki. Ku da kuka san zafin Yola kun san kwalta ma laushi take yi da rana. Da safe but yakan yarda mu yi sulhu. Kafin azahar ƙafa ta kumbura, sai in ji kamar ana matsa ta a injin markaɗe. In na cire don alwala, mayarwa sai na kama ƙarfen get ina nishi. Na yi masa duk maganin da aka faɗa min. Na shafa man shanu, ƙudaje suka bi ni. Na cusa jiƙaƙƙiyar jarida. Mai shayi ya ce in cika shi da wake in zuba ruwa, in waken ya kumbura zai buɗa fatar. Waken ya kumbura, but bai ko motsa ba, sai wari da ya ƙaru.

Akwai shumeka a gindin dalbejiyar da ke kusa da makarantar. Ya juya but ɗin ya ce, "Bappa, magani ɗaya ne. In tsaga gefe, in yi wa ƙulun taga."

Na ce a'a. Kullum da safe surukina ke kawo yara a mota, ya fito, ya durƙusa a bakin get a gaban mutane, ya kafa ido a ƙasa. To me ke ƙasa? But ɗinsa. A duk jikina ba abin da ya sani kamar wannan takalmi. In ya ga taga a jiki, na ce masa kyautarsa ba ta yi ba ke nan, kuma na yi masa ƙarya a gidansa.

Ɗingishi ma ba dama. Madam ta taɓa ganina ina jan ƙafar hagu ta ce, "Baba, lafiya? Mai gadin da ba ya iya gudu, in abu ya faru yaya ke nan?" Na ce ai tafiyar sojoji ce, Madam, haka ake koyar da ita. Daga nan na koyi taka ƙasa a miƙe ina murmushi. Iyayen yara har cewa suke mai gadin nan akwai fara'a. In na koma Ajiya da yamma kuma ba hutu, sai na wuce tsakar gida a miƙe, na rufe ƙofa, sannan in zauna in ɓare safa daga jikin gyambo.

Ana saura kaɗan zango ya ƙare, wata rana lokacin tashi, iyaye sun cika bakin get, masu keke sun jeru, yara sun taho daga aji da gudu. Sai muka ji wata ƙara, dam! Har ƙasa ta amsa. Wani ya yi ihu, "Bam!" Mai shayi ya tsallake tukunyarsa. Masu keke suka watse, wata mata ta bar jakarta da takalminta ɗaya. Ni ma zuciyata ta riga ta kai gadar Binuwai. Na ba ƙafa umarni, ƙafa ta ce ba da ita ba. Tun safe take a kumbure, ranar ko alwala ban iya cire but ba, shafa na yi a kansa. Da na ga ba inda za ni, ga yara sun nufo titi inda motoci ke gudu ba birki, sai na ja get na rufe, na jingina da shi don kada in faɗi, ina daka musu tsawa su koma aji.

Ashe tayar tifa ce mai ɗauko yashi daga kogi ta fashe.

Da ƙura ta lafa, aka tarar mutum ɗaya ne bai gudu ba a duk layin. Madam ta fito daga ƙarƙashin teburinta ta riƙe hannuna tana cewa, "Baba, kai namiji ne! Ko gezau!" Na ce ai aikinmu ke nan, Madam. Ban ga dalilin ɓata mata labari ba. A ranar ta miƙo min makullin ɗaki.

Na shiga ɗakina, nawa, na zauna a kan siminti, na ja but. Na dama ya fito da kyar. Na hagu ya ce ya samu wurin zama. Na ja, mai shayi ya ja, Madam ta aiko da sabulu. Daga ƙarshe aka kira shumeka, ya zo da wuƙarsa ya ce, "Bappa, yau kam ko taga ko asibiti." Na ce ya yanka. Ya tsaga fatar tun daga sama har ƙasa, ƙafa ta fito kamar an ɓare dafaffen rogo, safa ta manne da jini.

Daidai nan surukina ya yi sallama. Labarin jarumtata ya kai masa ofis, ya ɗauko tsohuwa da katifa da buhun kayanmu a mota. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya kafa ido a ƙasa kamar kullum. A ƙasan kuwa ga but ɗinsa a farke, ga ƙafata tsirara a kusa da shi. Ya daɗe yana kallo. Ni ina kallon bango. Tsohuwa ta buɗe baki, na harare ta.

"Baba, an wuni lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya aiki?"

"Da godiya."

Ya sauke kaya ya tafi. Har yau ɗin nan maganar but ba ta taɓa haɗa mu ba.

Bayan gyambon ya warke, wani mai ɗinkin takalmi ya zo daga unguwar Adarawo da kwali da biro. Ya ce wani bawan Allah ne ya aiko shi, an hana shi faɗin suna. Ya sa na taka kwalin ya zagaye ƙafar, ya auna ƙulun da zare yana girgiza kai. Na ce masa ya gaida bawan Allahn, ya ce masa ban san ko wane ne ba.

Shekaru sun tafi. An ce gari ya lafa, wasu sun koma, ni ban koma ba. Gidan an ƙone shi, gonar wani ke nomawa, kuma in na bar get ɗin nan na bar ɗakin. Tsohuwa ta saba da ruwan famfo, ta ce ko da igiya ba za a ja ta ba. Mai ɗinkin Adarawo yana kawo sabon but in tsohon ya mutu. Na dama lafiya lau, har barci nake a cikinsa in Madam ta tafi banki. Na hagu har yanzu yana cizon ƙulun kaɗan, musamman bayan la'asar. Mai ɗinkin yakan tambaye ni ko akwai gyara, amma na san inda amsar za ta je. Sai in ce masa babu.