Maganin da Alhaji Mamman Ya Yi Sadaka da Shi

Har yau ban manta da ranar da ƙanin Alhaji Mamman ya ajiye mini maganin shaƙa a kan kanta ba. A farkon shekarun 1990 ne, ban daɗe da gama jami'a ba, ina ƙaramin jami'in harhaɗa magunguna a wani asibiti da mutanen cikin birnin Zariya ke zuwa.

Alhaji Mamman na Ƙofar Jatau hatsi yake sayarwa, ga tsohuwar asma, ga ƙurar buhuna. Likita ya rubuta masa maganin shaƙa iri biyu, shuɗi da mai ruwan ƙasa, ni kuma aikina in yi bayani. Shuɗin na buɗe ƙirji ne idan numfashi ya sarƙe. Mai ruwan ƙasan kuwa a hankali yake kwantar da kumburin hanyoyin iska. Safe da yamma ake shaƙarsa, a kurkure baki, ko da lafiya lau ake ji.

"Har zuwa yaushe, ɗana?"

"Sai yadda likita ya gani, Alhaji. Mai yiwuwa a daɗe. Amma don Allah kada a bari."

Ya yi dariya. "Kai ko rana ta fito, sai ka ce mai yiwuwa."

Ya bi ƙa'ida, tarin ya lafa, ya koma kasuwa. Daga nan duk ranar masu asma sai in leƙa layi, babu shi. Na faɗa wa shugaban sashenmu, ya ce, "Wanda bai dawo ba ai ya warke. Kira na gaba."

Ƙaninsa ne ya ba ni sauran labarin. Da Alhaji ya ji sauƙi, sai ya ce mai lafiya ya zauna yana shan magani butulci ne ga Wanda ya ba da lafiyar. Ya yi sadaka da duka biyun ga ladanin unguwarsu, mai fama da tari. Ranar da aka sauke sabuwar dawa a rumfarsa, ya koma gida numfashi ya sarƙe. Lungunsu mota ba ta shiga. Kafin a fito da shi bakin titi, ya cika.

"Ladan ya riƙe shuɗin," in ji ƙanin. "Wannan mai ruwan ƙasan kuwa, ya ce bai ji ya yi masa komai ba. Ko akwai mai buƙata, Malam?"

Ban tabbata akwai bayanin da zai hana abin da ya faru ba. Aikinmu ya san yadda ake lallaɓa mai ciwo, wanda ya ji sauƙi ne ba mu iya riƙewa. Har na yi ritaya, duk mai asmar da ya ce mini, "Alhamdu lillahi, na warke," sai gabana ya faɗi.