Ina-Ƙofa da Gwaggon Kwamfuta

Kun san shi, ba sai na ɓata yawuna ba. Duk wanda ya taɓa kai wa Yaya Ɗanladi kwamfutar hannu a rumfarsa ta bakin tashar Kiru ya san abin da zai fara yi. Ba zai kunna ta ba. Ba zai tambaye ka abin da ya same ta ba. Gaisuwarka ma sai ya ga dama. Zai karɓa da hannu biyu, ya kifa ta a cinyarsa, ya bi bayanta da yatsa kamar mai duba kaska a jikin akuya, sannan ya ɗago ya ce, "Ina ƙofarta?"

Shi ya sa kuka sa masa Ina-Ƙofa. Ku ne fa, kada wani ya sunkuyar da kai! Shekara da shekaru kuna yi masa ihu in zai wuce, amma ranar sadakar arba'in ɗinsa kowa ya cika baki da waina yana cewa an yi rashin mutum. Ni Habu, ɗan ƙanen babansa, na fi ku yi masa dariya, don haka ni ke da bakin magana. Aji biyu na yi a sakandare aka ce in koma gona, saboda haka wanda ke neman rubutu mai daɗi ya nemi wani. Abin da zan faɗa shi ne yadda gonar ubana ta Ba'awa ta kusa barin hannuna, da yadda mahaukacin naku ya tsaya a kai.

Ƙofar da yake nufi wani ɗan murfi ne a ƙasan kwamfutocin da. Ka kwance sukuru biyu, ga cikinta a fili: ga memori, wato ƙwaƙwalwarta, ga ma'ajiyar da komai ke zaune a ciki, wadda shi yake kira rumbu. Kamfani ɗaya tak Yaya ya yarda da shi duk duniya, mai tambarin jinjirin wata, kuma samfurinsu na farko shi muke kira Gwaggo. Ita na fara saya, ta hannu, lokacin da na kafa teburin buga wa mutane takardu. Kai, Gwaggo! Kaurinta ya kai bulo. In ka rataya ta daga tasha zuwa kasuwa sai kafaɗa ta yi kwana biyu tana tuna maka. Batirinta da sakata yake, ka ja ya faɗo hannunka. Ramuka a gefenta sun fi na gidan tururuwa. Akwai wani ɗan faranti da ke fitowa na sa faifai, kuma in fankarta ta tashi sai ka rantse injin niƙa aka tayar.

Yaya bai bar komai nata ya tafi a banza ba. A farantin faifan yake ajiye goronsa. Iskar zafin da ke fita ta gefe kuwa, a nan yake ɗumama ƙosai. Wata rana na same shi ya jera guda huɗu a bakin ramin, na ce, "Haba Yaya, kayan aikina ne fa!"

Ya ce, "To aiki take yi. Buɗe mata wani abu mai nauyi, na tsakiyan nan bai yi zafi ba."

A cikin Gwaggon nan na zuba bidiyon gonarmu. Maƙwabcinmu Alhaji Tanko yana da wata ɗabi'a: duk damina sai garmarsa ta yi kuskure ta ci kunya ɗaya ta wajenmu, kuma ba ta taɓa yin kuskuren ta wajensa ba. Da na gaji sai na roƙi Mai unguwa Audu, tsohon da aka raba gonakin a gabansa, ya taka iyakar da ƙafarsa ina ɗauka da waya. Minti bakwai ne cif. A ƙarshe yake dafa wata tsamiya ya faɗi ta wa ce. Wayar ta faɗa rijiya tun tuni. Bidiyon ya zauna a kwamfuta.

Bayan 'yan shekaru samfuri na biyu ya shigo. Ta rame, ta yi sauƙin ɗauka, ta fi sauri, wannan ko shi bai musa ba. Amma babu farantin faifai, an binne batirin a ciki, kuma kafin ka ga cikinta sai ka kwance sukuru goma ka ɓamɓare bayan gaba ɗaya. Wani malamin makaranta daga Tudun Wada ne ya fara kawo masa ita. Yaya ya kifa, ya shafa, ya sake shafawa, ya ce, "Malam, a hanya ta faɗi ko haka suka ba ka?"

"Me fa?"

"Ƙofar!"

A ranar ya zaunar da ni na buga masa wasiƙa zuwa ga kamfanin. Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar iyali, yana son a sanar da shi wanda ya ba da shawarar cire ƙofa, da sunan mahaifinsa. Ya ba wani direban Kano, ya ce ya miƙa wa duk wanda ya ga zai tafi ƙasar masu ƙerawa. Duk ranar kasuwa sai ya tare direban: "Sun amsa?" Direban ya ce suna nazari. Shekara huɗu suna nazari.

Ni dai na sayi ta biyun, na kwashe kayana na zuba a ciki, na samo wanda zai karɓi Gwaggo. A gaban mai sayen Yaya ya fizge ta, ya buɗe ƙofa, ya zare rumbun ya jefa a aljihu.

Na ce, "Yaya, mene ne haka? Na kwashe komai!"

Ya ce, "Ka taɓa ganin an sayar da gida da hatsin ciki?"

Mai saye ya yi tafiyarsa. Na zagi Yaya, na wurga masa gangar jikin na ce ya dafa ya ci. Ashe haka yake yi wa kowa. Duk rumbun da ya cire sai ya naɗe a tsumma, ya rubuta suna da ajami, ya tura cikin wani tulu mai ƙaiƙayi, yadda tsofaffinmu ke ajiye irin shuka.

Ta ukun ce ta raba mu. Siririya kamar allon karatu, ba fanka, ba ƙara, batirinta ya wuni. Ramuka biyu kacal, ƙanana, ko filashina na adana kaya ba ya shiga sai an sayi wani abin haɗi, ni kuma kullum sai in ce gobe. Na kai masa don in yi masa burga. Ya kifa ta. Bayan sumul, ko sukuru ɗaya ba a gani. Ya ce an gaya masa memorin da rumbun duk an liƙe su da dalma a allon ciki, ba a cirewa, ba a ƙarawa. Ya miƙo mini da yatsa biyu.

"Habu, wannan ba ɗaki ba ne, kabari ne. Abin da ya shiga ya shiga ke nan."

Na ce, "Kai dai tsufa ne da hassada. Duniya ta wuce ka."

Ya ce, "Ta gaishe da na gaba."

Ta biyun kuwa na riga na ba da ita aka goge, bayan an zuba kayana a siririyar. Wata tara ba mu yi magana ba, ko a masallaci sai in canja sahu.

To, Mai unguwa Audu ya rasu. Ba a yi wata biyu ba sai ga sammaci: Alhaji Tanko ya kai ni kotu, wai tsamiyar da duk abin da ke gabanta nasa ne. Rabin gonar ke nan, kuma rabin da ke da damshi, inda nake albasa. Ya tara shaidu uku. Ni shaidana ɗaya, yana ƙarƙashin ƙasa, muryarsa tana cikin siririya. Zama ranar Litinin. Ranar Juma'a ina dawowa daga Badafi a kan achaɓa ruwa ya tsuge, jakar da siririyar ke ciki ta jiƙe sharkaf. Na danna, shiru. Na shanya, na danna, shiru. Asabar na kai ta Kano, masu gyara uku suka duba, bakinsu ɗaya: allon ya ƙone, rumbun kuma a jikinsa yake, sun tafi tare.

Wallahi a motar dawowa ban san lokacin da muka wuce Bebeji ba. 'Ya'yana shida nake gani, da abin da zan gaya musu.

Lahadi da hantsi na tsaya a bakin rumfarsa. Tasha cike da mutane. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba.

"Yaya, na zo ne."

"Na ga inuwa."

"Ta mutu. Gobe kotu."

"Allah ya ji ƙanta. Kifa ta."

"Yaya, don Allah..."

"Kifa ta, ka nuna wa jama'a ƙofar!"

Na kifa ta a gaban 'yan achaɓa da masu rake, na ce babu. Ya ce bai ji ba. Na ɗaga murya na ce babu ƙofa! Sannan ya tashi ya jawo tulun. Ya riƙa zaro ƙunshi yana karanta sunayen da ƙarfi, ashe ba sunan yanka yake rubutawa ba. "Mai Kunnen Tulu. Ba shi ba. Ci-Ka-Ƙi-Godiya. Ba shi ba." Wasunku suna wurin, kun ji naku, kuka yi kamar ba ku gane ba. Can ƙasa ya zaro wani ya karkaɗe. "Yauwa. Wawan Gidanmu."

Na haɗiye.

Sai dai rumbun irin na da ne, mai faɗin baki da haƙora, ba ya shiga kowace kwamfuta sai Gwaggo. Gwaggo kuwa tana ƙarƙashin bencinsa, kaza ta yi shekara tana ƙwai a kanta. Batirin ya mutu, ramukan filash sun yi tsatsa, ba hanyar kwashe komai. Muka aro janaretan mai aski. Yaya ya zura rumbun, ya danna. Ta yi tari, ta yi gurnani, ta ɗauki lokacin da za a ci tuwo a wanke hannu, sai ga fuskar Mai unguwa. Kafin in zaro waya in ɗauka, ƙauri ya tashi. Yaya ya fizge wayar wutar.

Na ce, "Mayar! Minti bakwai ne kawai!"

Ya ce, "Tashi ɗaya ya rage mata. Ko nan, ko gaban alƙali. Zaɓi."

Litinin muka shiga kotu, ni da Gwaggo a ka, shi da sukundireba a bayan kunne. Janareta yana can bayan gini, mun jawo waya ta taga. Alhaji Tanko ya dube mu ya ce, "Allah gafarta Malam, ƙara aka kira ko gwanjo?" Shaidunsa suka yi dariya, suka yi rantsuwarsu, suka zauna. Alƙali ya ce in kawo tawa.

Gwaggo ta tashi. Mai unguwa ya fito yana tafe da sandarsa, bakinsa yana motsi, amma fankar ta cika ɗakin da ruri. Alƙali ya kara hannu a kunne, ya ce, "Ba na jin komai. In ba a ji ba, ba shaida."

Yaya ya sunkuya ya zari tsinke daga tsintsiyar kotu, ya soka a ramin fankar. Tsit! Muryar tsohon ta fito tar, yana cewa daga nan aka fara.

Na raɗa masa, "Za ta ƙone!"

"Na sani. Ɗaga ta."

Na ɗaga ta sama da hannu biyu, fuskarta tana kallon alƙali. Yaya ya durƙusa a ƙarƙashi, ya kwance sukuru biyu, ƙofa ta faɗo. Ya cire hularsa ya shiga yi mata fifita. Minti uku. Ƙarfen ya fara cin tafina. Minti biyar, ƙauri ya kai layin baya, wani ya ce a buɗe taga. Mai unguwa kuwa, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa sauri ba a rayuwarsa, ya tsaya yana gaisawa da wani mai jaki! Yaya yana fifita yana cewa, "Taka, Baba, taka, ka gaishe shi a dawowa!" Gumi yana shiga idona, Alhaji Tanko ya daina murmushi.

Tsohon ya isa. Ya dafa tsamiyar ya ce, "Wannan ta gidan Malam Isa ce, uban Habu, da ita da kunya goma sha biyu gabanta. A gabana aka raba." Sai ga Alhaji Tanko kansa a gefen hoton, da ƙuruciyarsa, yana gyaɗa kai yana cewa haka ne, Baba. Ni ma na manta yana wurin.

Fat! Fuskar ta yi baƙi, hayaƙi ya fito ta ƙofar.

Alƙali ya ce, "Me ya same ta?"

Yaya ya mayar da hularsa ya ce, "Ta gama ba da shaida, Allah gafarta Malam."

Gonar tana hannuna. Tabon ƙunar ma yana hannuna. A hanyar gida na ce masa na gode, ya ce in riƙe godiyata in nemo wa kazarsa wurin ƙwai, tunda na kashe mata gado.

Bana cikin azumi Yaya ya kwanta, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. Ni na shiga kabarin na karɓe shi. Da aka jera itace aka fara liƙewa da laka, sai na tsinci kaina ina bin gefen da yatsa, sumul, ba ko tsaga. Nan ne kukan ya zo mini, a gabanku duka, kuma ban ji kunya ba.

Ya Allah, bawanka Ɗanladi bai taɓa yarda da ɗaki marar ƙofa ba. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka buɗe masa ƙofa ta wajen Aljanna, iska mai sanyi ta riƙa shigo masa. Amin.