Kakana Isuhu, Kekensa da Ruwan Guci

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Dungas ya san abin da ke biyo bayan ɗaukewar ruwan sama. Kafin kaji su fito daga ƙarƙashin rumbu, kakana Malam Isuhu ya riga ya fito ƙofar gida, wando a naɗe, ya kafa diddige a ƙasa ya murza. Sai ya duƙa ya ƙare wa ramin kallo, sannan ya miƙe ya yanke hukunci da ƙarfi don maƙwabta su ji.

"Wannan ruwan ƙofar gida ne, ko masallaci ba ya kai mutum!"

In ya ɗan fi haka, ya ce ruwan Dogo-Dogo ne. In ƙasa ta sha sosai, ruwan Guci. Ruwan Sassumbrum kuwa sau ɗaya na ji ya ambace shi, shekarar da katangar liman ta faɗi. Mutane na can suna jaje, shi yana cikin gida yana cigiyar famfon keke.

Baƙo zai ɗauka maganar shuka yake yi. Ina! Tsohon nan ɗan koli ne, allura da zare da kwalli da turare, ya ɗaure akwatinsa a bayan keke yana bin kasuwanni tun kafin a haifi babana. Ƙasarmu kuma kun san ta, rairayi ne zalla, in ruwa bai danne shi ba taya nutsewa take yi. Saboda haka abin da yake aunawa da diddigen nan shi ne wane gari ruwan zai kai shi kafin rana ta sake kwance hanya.

Wata shekara ruwa ya yi jinkiri, aka fita roƙon ruwa bayan gari. Duk addu'ar da liman ya yi, amin ɗin tsoho ta fi ta kowa ƙara, har da ƙwalla. Da aka shafa, liman ya kama hannunsa ya ce, "Malam Isuhu, kai da gonarka ba ta fi shimfiɗar tabarma ba, amma ka fi masu manyan gonaki kuka. Allah ya saka maka."

Ya ce, "Allah gafarta malam, kowa da abin da ya kawo shi. Ku gero, ni hanya."

Mutum ɗaya ce wannan abin bai taɓa ba ta dariya ba, Gwaggo Hadiza, babbar 'yarsa da ke aure a Magarya. Shekara da shekaru burinta ɗaya, ta raba shi da keken nan kafin keken ya raba mu da shi. Kuma ita kaɗai ke iya tunkararsa, don sunan mahaifiyarsa gare ta. Bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "Uwata", kuma ba ya iya kallon idonta ya ce a'a. Da ya ji labarin tana tafe, sai ya kai keken gidan maƙwabci ya dawo ya zauna da carbi kamar mutumin kirki.

Shi fa kowane lokaci na shekara yana da ƙorafi a kansa, ban da damina. Ɗari, ya ce gwiwa yake ci. Kaka kuwa, lokacin da kowa ke murnar sabon gero da gyaɗa, shi fuskarsa a murtuke take, saboda tsidau ya bushe ya baje ƙayarsa a kan hanya. Robar cikin tayarsa ta sha faci har Garba mai gyaran keke ya gaji.

"Baba, wallahi ba sauran wurin liƙawa. Faci nake yi wa faci. Ka sayi sabuwa mana."

"Sabuwa? Wadda ba ta san kowa ba? Liƙa, yaro. Ƙaya ta huda na sama ta tarar da na ƙasa yana jiran ta."

Ran nan a hanyar kasuwar Dogo-Dogo robar ta ce ta gaji, ta yage gaba ɗaya. Wani da sai ya juyo gida. Tsoho ya shiga gonar mutane ya yi sallama, ya roƙi harawa, ya cusa ta cikin taya ya danna da sanda har ta yi tauri, ya hau abinsa. Ya isa kasuwa, ya jingine keke, ya baje koli. Yana cikin ciniki da wata mai sayen kwalli sai ya ji mutane na dariya a bayansa. Ko da ya waiga, ga wata jar akuya ta gano inda tayar ta tsage, tana zaro harawa tana ci hankalinta kwance.

Ya yi tsalle ya ce, "Jama'a! Akuyar wa ke cinye mini hanyar gida?"

Mai akuyar, wata mai sayar da fura, ta taho da gudu tana cewa, "Baba, ka yi haƙuri."

"Haƙuri ba ya cika taya, 'yar nan. Kawo harawa."

Ta kawo dami guda. Ya sake cusawa, ragowar ya ɗaure a kan akwati. Aka ce ta mece ce, ya ce famfo ne.

Amma babbar abokiyar gabarsa bazara ce. Rana ta ƙwalle, rairayi ya yi laushi kamar gari, sai ya zama rabin tafiya keken ke ɗaukarsa, rabi shi ke jan keken. Wani yammaci mai amalanken shanu ya tarar da shi yana turawa yana haki, ya ce, "Baba, don Allah hau in ƙarasa da kai." Ya ce shi tun da yake bai taɓa shiga Dungas a kan amalanke ba. Aka yi ta roƙo, daga ƙarshe ya yarda a ɗora keken, wai shi ne ya gaji. Da aka ɗora, sai ya hau amalanken, ya haye sirdin keken, ya sa ƙafa ɗaya ya dogare. Haka suka shigo gari, shanu na ja, shi yana can sama riƙe da ƙahon keke yana kaɗa ƙararrawa. Ni na tare shi a bakin kasuwa, dariya ta kusa kayar da ni.

Na ce, "Tsoho, yau dai an shigo da kai a amalanke."

Ya ce, "Kai makaho ne? Dubi abin da nake zaune a kai. Abin da keken ya hau kuma, wannan tsakaninsa da mai shanu."

A bazarar da ta biyo baya ne wasa ya ƙare. Zafi ya buge shi a hanya, makiyaya suka tsince shi a gindin gawo bai san inda yake ba, suka kawo shi likita. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya yi masa ƙarin ruwa ya ce saura kaɗan. Washegari Gwaggo ta sauka daga Magarya, ba wanda ya samu zarafin kai keke gidan maƙwabci. Ta sa aka ɗaure shi da sarƙa a jikin turken zaure, ta datse kwaɗo, ta ƙulle makullin a bakin zanenta.

Ta ce, "Baba, an gama. Ga jikanka da babur, duk inda za ka shi zai kai ka."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Uwata."

Wallahi na yi murna a ranar, don na tsorata. Amma murnar ba ta daɗe ba. Na ɗauke shi a babur sau biyu ko uku, yana bayana kamar buhun gyaɗa, ko tsokanata ba ya yi. Daga nan ya ce ya bar kasuwa. Mutumin da ke cinye tuwo ya nemi ƙari ya koma sai an lallashe shi. Ruwan fari ya sauka, duk unguwa aka kasa kunne, ba a ji komai daga ƙofar gidanmu ba. Abin ya dame ni ƙwarai, har na fara jin haushin babur ɗina.

Damina ta yi tsakiya, sai ga auren ɗan ƙanensa a Guci, kuma shi ne waliyyin ango. Gwaggo ta zo don a tafi tare. Da asubahin ranar aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muna fitowa masallaci tsoho ya riƙo hannun liman har cikin zaurenmu, ya sa aka kira Gwaggo.

Ya ce, "Uwata, ban taɓa yi miki musu ba, yau ma roƙo ne. Ki ba ni keken nan yau kaɗai. Ke ki hau bayan babur ɗin wannan ɗan neman. In kun riga ni Guci, na bar keke har abada, da bakina, ga liman shaida. In na riga ku, makulli nawa ne."

Gwaggo ta dube ni, na dubi babur ɗina da na cika wa mai jiya, na yi murmushi. Ita lissafinta, kafin ƙauyen farko zai gaji ya zauna, in sauke ta in dawo in kwashe shi, magana ta mutu ba tare da ta ci gaba da zama muguwa ba. Ta kwance bakin zane ta buɗe kwaɗo.

Muka tashi tare. Ko gonakin bakin gari ba mu wuce ba na ba shi iska, na danna masa oda, na ce, "Tsoho, me za a ajiye maka, goro ko alewa?" Bai ko dube ni ba. Yana tafe a hankali, babbar riga ta cika da iska, hanya ta kwanta masa lumui.

Tafiya ta yi tafiya, sai muka iso wani kwari da na saba wucewa a bushe. Ranar ya cika fal, jan ruwa na gudu. Gwaggo ta ce mu jira. Ni kuwa da ƙuruciya na ce ai ba zurfi, na ja mai na afka. Muna tsakiya babur ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Gwaggo ta dira cikin taɓo da leshinta na biki, takalmi ɗaya ya tafi, har yau ba labarinsa. Da ƙyar muka jawo babur baya. Na kwance buji, wato fulogi, na goge, na hura, na shanya, na buga har cinyata ta yi tsami. Ko uffan.

Rana ta ɗaga sosai, sai muka ji ƙararrawa daga bayanmu. Ga tsoho nan tafe, ko gumin kirki bai yi ba. Ya tsaya, ya sauka, ya gaishe mu kamar bai taɓa ganinmu ba.

"Salamu alaikum, bayin Allah. Sannunku da hutawa."

Ya tuɓe riga ya naɗe ta a ka, ya naɗe wando har cinya, ya saɓa keke a kafaɗa, ya shiga ruwa yana taka ƙasa a hankali. Gwaggo ta dafe ƙirji tana salati har ya fita. Da ya haye, ya ajiye keken, ya mayar da riga, ya juyo ya ƙwala mini kira.

"Kai ma saɓo naka mana! Au, na manta, naka ba ya saɓuwa."

Gwaggo ta ce, "Baba, haka za ka bar ni a daji?"

"Uwata, ga bayan keke nan, yau ba akwati. Bismilla."

"Mutane su ga tsoho na jan ƙatuwa kamata? Allah ya kiyaye!"

"To, zan gaishe su."

Sai bayan la'asar muka shiga Guci, bayan wasu samari sun taimaka mun ɗaga babur a kan itace mun haye da shi. Ni ina turawa, Gwaggo na biye da takalmin aro. An ɗaura aure tun azahar. Muka tarar da tsoho a tsakiyar tabarma, ga kwanon shinkafa a gabansa ya kusa ganin gindinsa, mutane sun kewaye shi yana ba da labarin a karo na ban san nawa ba. Duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Kai ne mai babur ɗin?" Har yau in na je Guci haka ake tambayata, kuma har yau ina jin haushi.

Gwaggo ta tsaya tana kallon yadda yake loma. Ta fara dariya, dariyar ta koma kuka. Ta durƙusa a gaban jama'a ta ajiye masa makullin a kan tabarma, ta ce, "Ci abincinka, Baba."

Damina huɗu ko biyar ya ƙara yi a kan keken nan, ba mai ce masa kanzil. Sai wata Juma'a ya dawo daga masallaci, ya goge keken tas, ya jingine shi a zaure, ya ce in kira masa Magarya a salula. Na kira na sa masa a kunne, ina jin muryarta.

Ya ce, "Uwata, na sauka. Ki shaida, da ƙafata na sauka, ba wanda ya sauke ni."

Can sai na ji matar nan da ta yi shekaru tana yaƙi da keken tana cewa, "Haba Baba, ka ɗan ƙara mana. Ko zuwa kasuwar gari ne. Don Allah ka ƙara ko damina ɗaya."

Ya yi dariya ya ce, "A'a, ya isa. Na gode."

Bai ga yankan geron shekarar ba. Allah ya jiƙan Malam Isuhu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta. Mu kuma da ya bari da kewa, Allah ya ba mu ikon sauka da mutuncinmu in lokacinmu ya yi. Amin.